A bar wa jiragen da suka nutse kayansu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Rahoton da kuka buga kan masu kurme a cikin teku ya burge ni, sai dai hoton da kuka haɗa da shi, na wani riƙe da farantin da ya ɗauko daga cikin jirgi, ya sosa min rai. Na daɗe ina wannan kurme a ruwan sanyi, shi ya sa na kasa yin shiru.

A mashigin teku na Scapa Flow da ke arewacin Sikotilan, ranar 21 ga Yuni 1919, sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu da hannunsu, 52 suka tafi ƙasa. Manya bakwai na nan har yau. Ɗaya daga cikinsu, Markgraf, yana kife a zurfin kusan mita 45. A can nauyin ruwa ya ninka na sama fiye da sau biyar, iskar silinda tana ƙarewa da sauri, naitirojin yana sa mutum wani irin maye. Sanyi kuma ya kashe yatsu ko da safar hannu, har maɓallin da ka saba taɓawa ya gagare ka. Duk minti ɗaya da ka ɓata wajen ɓamɓaro tagulla, sai ka biya shi a tsayawar da ake yi a cikin ruwa don naitirojin ya bar jiki kafin a fito. Ka tayar da laka a cikin ɗakin jirgi kuwa, fitilarka ba za ta nuna maka ko hannunka ba, igiyar da ka shimfiɗa kaɗai za ta fitar da kai.

Abin da ya fi damuna shi ne, ruwan ya fi mu riƙon amana. A tekun Baltik gishiri kaɗan ne, tsutsar da ke cin katako ba ta samun wurin zama, shi ya sa Vasa, jirgin yaƙin Suwidin wanda ya nutse a 1628, aka ɗago shi a 1961 kusan cikakke. Abin da ruwa ya adana shekaru ɗaruruwa, mutum ɗaya da guduma ya lalata shi kafin silindarsa ta ƙare.

Wasu jiragen ma kaburbura ne. Royal Oak, jirgin yaƙin Birtaniya, ya nutse a Scapa Flow da mutum sama da 800 a 1939, an kuma haramta kurme a kansa. Jiragen Jamus bakwai ɗin nan doka ta hana cire ko ƙusa daga jikinsu.

Ina roƙon ku, in za ku sake kawo labarinmu, ku sa hoton jirgin a inda yake kwance, ku kuma faɗa wa masu karatu abin da doka ta ce.

Naku,
Wani mai kurme