Amsa ga mai tambaya a kan lupus da magungunan ƙara garkuwar jiki

Assalamu alaikum, Malama.

A shirin lafiya na rediyo kin tambaye ni cewa tunda lupus cutar garkuwar jiki ce, me ya sa ba za a ba ƙanwarki maganin ƙara garkuwa ba. Lokaci ya ƙure ban gamsar da ke ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Garkuwar mai lupus ba rauni ta yi ba, linzami ne ya kuɓuce mata, shi ya sa take far wa fata da gaɓoɓi da ƙoda. Kurjin nan da ke shimfiɗuwa a kan kumatu da karan hanci idan an sha rana, da fitsari mai kumfa, duk ɓarnarta ce.

A cikin ƙwayoyin garkuwa akwai wasu 'yan tsiraru da ake kira Treg, waɗanda aikinsu shi ne tsawata wa sauran da kuma kashe kururuwar yaƙi idan ba abokin gaba a fili. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya bayyana su a 1995, sannan a 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado ta Foxp3, wadda samuwar Treg ta dogara da ita, kuma idan ta lalace jiki ke juyawa ya yaƙi kansa. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2025. Ƙwayoyin Treg ɗin ba sa ɗorewa sai da sinadarin IL-2, wanda jikin mai lupus ba ya samarwa yadda ya kamata, don haka sai ƙarfinsu ya ragu a daidai lokacin da wani sinadarin garkuwa mai suna intafiron ke ƙara zuga sauran ƙwayoyin. A Jamus da Sin an gwada ba marasa lafiya IL-2 kaɗan-kaɗan, yawan Treg ya ƙaru, wasu kuma sun samu sauƙi. Abin yana ba ni fata ƙwarai, amma har yanzu a matakin gwaji yake.

Saboda haka ina roƙonki, kada ƙanwarki ta sha wani jiƙo ko ƙwaya da sunan ƙara garkuwa ba da sanin likitanta ba, kada kuma ta ajiye maganin lupus na hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani a zazzaɓin cizon sauro, don kawai ta ji dama. Ta riƙa kai fitsarinta awo, a kuma riƙa duba idanunta saboda maganin.

Allah Ya ba ta lafiya. Ki gaishe ta.

Wassalam,
Likitan da kika tambaya