Godiya ga ƴan biron kwamfuta na kusa da Kasuwar Dole

Assalamu alaikum Damagarawa da sauran ƴan uwa. Godiya na zo yi a bainar jama'a ga matasan nan masu ɗan biron gyaran kwamfuta da shafukan intanet da ke kusa da Kasuwar Dole, musamman ƙanen nan da ke zama a teburin ciki, don wallahi abin da ya yi min ya wuce in ce na gode a bakin ƙofa in wuce.

Mu dukawa ne, a Birni muke aikin fata, jakunkuna da takalma da alabe, kuma ni ke kula da shafin da muke karɓar oda daga Yamai da Maraɗi da Kano. Wanda ya gina mana shafin ya bar gari. Matsalar da ta hana ni barci ita ce idan mutum ya zaɓi kaya guda ɗaya komai lafiya lau, kuɗi ya fito daidai, amma da zarar ya ƙara na biyu sai wurin jimilla ya nuna NaN kawai, wato alamar kwamfuta mai nufin "ba lamba ba ce", babu lamba babu komai. Mai saye ya gani ya gudu, wasu su kira ni a WhatsApp suna tambaya ko damfara ce. Ga kuma wani abin da ya fi wannan ciwo, wani lokaci farashin alabe sai ya hau kan babbar jaka, mutum ya ce ai 3000 ya gani a shafi alhali jakar ta 12000 ce, kuma ba ƙarya yake ba, haka ya gani.

Na kai kuka wurare da dama a garin nan, ba zan kira suna ba. Wani ya saka kaya ɗaya a kwando ya ga ya yi, ya ce Alhaji shafinka ƙalau yake rezo ne ba kyau, ya karɓi kuɗin dubawa. Wani ko buɗewa bai yi ba ya ce a rushe a gina sabo, ya yanka min kuɗin da ko ribar Sallah ba za ta biya ba. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wanda ya riƙe min ƴar kilen USB da aikin ke ciki, kullum sai ya ce kuran ya ɗauke, alhali fankarsa na juyawa a kaina.

Shi wannan yaro da na je, ya ce Baba zauna, gwada min da hannunka yadda abin ke faruwa. Na saka kaya biyu, NaN ya fito, sai ya buɗe rubutun JavaScript ɗin, wato yaren kwamfutar da shafin ke aiki da shi, ya jawo kujerata kusa da shi ya ɗora yatsa a kan layi guda: farashi.map(parseInt). Ya ce farashin yana zuwa ne a matsayin rubutu, "7500" da "12000", shi ya sa aka kira parseInt ya mai da su lamba, niyyar mai kyau ce. Amma map, mai bin jerin farashin ɗaya bayan ɗaya, ba abu ɗaya yake miƙa wa fonksiyon (guntun rubutu mai yin wani aiki, a nan parseInt) ba, uku yake miƙawa, abin da kansa da matsayinsa a jeri da kuma jerin gaba ɗaya. Shi kuma parseInt abu na biyu da aka ba shi yana ɗaukarsa tushen ƙidaya ne, wato ko da goma-goma za a ƙirga ko da bibbiyu da sauransu, wanda sai tsakanin 2 da 36 yake karɓa. Jeri kuwa daga 0 yake farawa, to kayan farko matsayinsa 0, parseInt ya lissafa shi da goma yadda aka saba, shi ya sa mai kaya ɗaya bai taɓa ganin matsala ba. Na biyu matsayinsa 1, babu tushe 1, sai NaN, kuma NaN duk abin da aka tara da shi NaN yake zama. Ya goge ya rubuta x => parseInt(x, 10), shi ke nan fa. Na ce wannan ne kawai? Ya ce wannan ne Baba.

Ta biyun ta fi cin lokaci, sai bayan la'asar ya gano ta. Ashe sunayen kaya suna jeri ɗaya, farashi suna wani jerin daban, matsayi ne kaɗai ke haɗa su. Akwai fonksiyon da ke tsara farashi daga ƙarami zuwa babba da sort, kuma idan ka miƙa wa fonksiyon jeri ba kwafi ka ba shi ba, ainihin jerin ne, kamar ka ba mutum littafin bashinka ya duba sai ya sake jera shafukan ya mayar maka. Farashi ya sauya wuri, sunaye suna nan inda suke. Ya ƙara nuna min cewa sort idan ba a ba shi hanyar kwatantawa ba rubutu yake dubawa, 12000 ya zo gaban 3000 don kawai ya fara da 1. Ya sa a riƙa yin kwafi da slice kafin a tsara, ya rubuta (a, b) => a - b don a kwatanta su a matsayin lamba, daga baya ma ya haɗe kowane kaya da sunansa da farashinsa wuri guda don kada su sake rabuwa. Sannan ya gwada da kwando babu komai, da kaya ɗaya, da kaya bakwai, a gabana. Kuɗin da suka karɓa kuwa daidai wahalarsu, har da rasit.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda aikin nan ya zama a garinmu. Yaro ya kwaso rubutu a intanet ya manna, ya ga ya yi sau ɗaya, ya karɓi kuɗi ya kashe waya. Ba a gwaji, ba a yi wa mai kaya bayani, in ka yi tambaya a kalle ka kamar baduku ba shi da haƙƙin sanin abin da ya biya. Ƴan kasuwa nawa ne a Zango da Sabon Gari suka haƙura da shafi suka koma tura hoto a WhatsApp saboda irin wannan, alhali wataƙila layi ɗaya ne ya lalace musu.

Ina roƙonku ƙannena, in da hali ku buɗe aji ko na yamma ne ku koya wa na bayanku, ɗana na fari zan fara kawo muku. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya jiƙan magabatanku.

Naku, wani baduku daga Birni.