Kafin ku ɓare ledar bayan tsohon agogo

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Ana yawan kawo mana tsofaffin agogunan hannu, su Seiko 5 da Citizen da Rado, murfin bayansu duk zanen reza saboda an yi ƙoƙarin cire ledar kamfani. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi muku bayani.

Ku fara yanke shawara: ɗaurawa za ku yi ko ajiyewa? In na ajiya ne ko na sayarwa, ku bar ledar a wurinta. Masu tara tsofaffin agoguna suna ƙara kuɗi a kanta, musamman koriyar sitikar Rolex, wadda kamfanin ya daina mannawa wajen 2007. In kuwa ɗaurawa za ku yi, ku cire. Gumi yana shiga ta gefen ledar ya kwanta, gishirinsa ya riƙa cin ƙarfen har ya yi ƙananan ramuka baƙaƙe da ba sa gogewa. A zafin bazararmu abin ba ya daɗewa.

Abin da ke bayan iri biyu ne. Akwai leda mai gam, akwai kuma wani siririn shafe shuɗi ko ruwan hoda da ya bushe kamar fenti.

Mai gam ɗin, ku ɗumama ta da na'urar busar da gashi daƙiƙa 20, daga nesa kamar taƙi ɗaya. In yatsa bai iya jure zafin murfin ba, kun wuce gona da iri, kuma man da ke cikin injin ba ya son haka. Ku ɗaga gefe da farce ko tsinken sakace, ku ja a kwance a hankali. Tsohuwar leda gutsuttsurewa take yi, sai haƙuri. Ragowar gam kuma, ɗigo 2 ko 3 na sifirit a kan audugar goge kunne ya isa.

Shafen kuwa sau da yawa ba ya jin sifirit, sai asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi. A nan ake yin ɓarna. Gilashin yawancin tsofaffin agoguna na roba ne, asiton na taɓa shi zai yi hazo, sai dai a canza. Ku rufe fuskar da salatif, ku matse audugar sosai, ku goga daga tsakiya, kada ku kai bakin murfin. Zoben robar da ke tare ruwa a wurin ya riga ya bushe da shekaru, ruwan zai iya sulalewa ciki.

Ban da reza, ban da soson ƙarfe, ban da tsoma agogo a kalanzir. Lambobin bayan Seiko su ke nuna irin injin da watan da aka ƙera shi, in suka shafe sun tafi ke nan. Mai ruwan zinare kuma a goga da sauƙi, don rufin siriri ne.

In kun ga tsatsa a ƙarƙashin ledar, ku dakata ku kawo mana. Sai mun buɗe murfin mun duba ko ta kai ciki.

Mun gode,
Masu shagon gyaran agogo