Shirinku kan yaƙin basasar Amurka ya bar talakawa da bayi a waje

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na tarihi na makon jiya ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Baƙon da kuka gayyato ya ce mutanen Kudancin Amurka sun shiga yaƙin 1861 zuwa 1865 tsintsiya maɗaurinki ɗaya, bayi kuma suna zaune a gandaye har shugaban Amurka Lincoln ya sa hannu ya 'yanta su. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma yaran makaranta na sauraronku.

Wane haɗin kai? Jihohin Kudu 11 da suka ɓalle daga Amurka suna da mutane kusan miliyan 9, kuma wajen miliyan 3.5 daga cikinsu bayi ne. A Misisipi da Karolina ta Kudu bayi sun fi 'ya'ya yawa. Cikin farar fata ma, gida ɗaya cikin uku ne ke da bawa; yawancin sauran manoma ne masu huɗa da hannunsu.

A watan Afrilun 1862 gwamnatin Jefferson Davis, shugaban jihohin da suka ɓalle, ta kafa dokar ɗaukar soja dole, daga ɗan shekara 18 zuwa 35. Amma mai kuɗi yana iya biyan wani ya tafi a madadinsa. A watan Oktoba aka ƙara wata doka: duk gandun da ke da bayi 20, an yafe wa namiji farar fata ɗaya zuwa fagen fama, ya zauna ya tsare su. Daga baya aka ɗora masa kuɗi dala 500, a 1864 kuma aka rage adadin zuwa 15. Talaka mai alfadari ɗaya ya tafi, mai gandu ya zauna gida. Sojojin da kansu suka riƙa cewa yaƙin na masu arziki ne, mutuwar ta talakawa.

To, dubi matar da aka bari a gona. Babu mai yi mata huɗa. A 1863 aka sa harajin kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, masara da alkama da nama, a ɗiba tun daga rumbu. Jami'an soja kuma suna zuwa su kama doki ko alfadari, su biya da takardar kuɗin da darajarta ke zubewa kowane wata, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Ga matsalar gishiri, wadda baƙonku bai ko ambata ba. A can naman alade ne abincin shekara, ana yankawa da sanyi a cuɗa shi da gishiri a rataye. Da jiragen ruwan Arewacin Amurka suka tare tashoshin teku, gishiri ya yi wuya, naman ya riƙa ruɓewa. Har ta kai mata na tono ƙasar ɗakin da ake ƙyafe nama, su jiƙa, su tace, su tafasa ruwan don su tsira da ɗan gishirin da ya zuba a shekarun baya. Duk wannan ana yi, wasu masu gandaye na ci gaba da shuka auduga maimakon abinci.

Ranar 2 ga Afrilun 1863 mata suka fito a Richmond, babban birnin 'yan tawayen, da gatura da wuƙaƙe, suka fasa shaguna suna neman burodi. Davis da kansa ya zo, ya hau kan keken doki, ya ce su watse ko a yi harbi. An yi irinta a Salisbury da Mobile. A gundumar Jones ta Misisipi kuwa, Newton Knight ya tara sojojin da suka gudu daga bakin daga suka juya wa gwamnatin bindiga.

Batun bayi ya fi ci mini rai. Tun watan Mayun 1861 bayi uku suka tsallaka ruwa zuwa sansanin sojojin Arewa na Monroe a Bajiniya, kwamandansa Janar Butler ya ƙi mayar da su, kafin a jima ɗaruruwa suka biyo baya. A Mayun 1862 wani bawa mai suna Robert Smalls ya ɗauke jirgin ruwan 'yan tawaye daga Charleston cikin dare, da iyalinsa a ciki, ya miƙa shi ga sojojin Arewa. Duk wannan kafin shelar 'yanta bayi da Lincoln ya yi ranar 1 ga Janairun 1863, wadda ba ta ma shafi bayin Kentucky da Maryland, jihohin da ba su ɓalle ba. Waɗanda ba su gudu ba sun rage aiki, sun ƙi yarda a yi musu bulala, shi ya sa iyayen gijin suka riƙa kora su zuwa Texas don nesanta su da sojojin Arewa. Baƙar fata kusan 180,000 sun sa kakin sojan Arewa, cikinsu har da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Wannan ne zaman jira?

Ina roƙonku ku sake shirin, ku nemo wanda ya san rayuwar mutanen, kada a cika mu da sunayen janarori kawai.

Sannan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai magana ya yi ƙarfi ainun. A ƙaramar rediyo ba a jin shekaru da lambobi sam. Ku gaya wa mai haɗa sauti ya rage shi.

Huza wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya