Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Gwajin Gwiwar Ɓeraye

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na samu labarin cewa an ba ki aikin binciken yadda DNA na bakteriya da na fangas ke tayar da kumburin gaɓoɓi a jikin ɓeraye, kuma tun da a ɗakin gwaje-gwaje na ƙare aikina, ba zan rasa abin faɗa miki ba.

A shekarar 1999 ne Andrej Tarkowski da abokan aikinsa a Jami'ar Gotenbog ta ƙasar Suwidin suka yi wa ɓeraye allurar DNA na bakteriya a cikin gwiwa, sai gaɓar ta kumbura alhali babu ƙwayar cuta mai rai a ciki. Abin da ke tsokano garkuwar jiki shi ne jerin CpG, wato wani gajeren tsari a cikin DNA, wanda sinadarin metil bai lulluɓe ba, irin wanda ya yawaita a bakteriya, namu kuwa mafi yawansa a lulluɓe yake. Shekara guda bayan haka, Shizuo Akira da mutanensa a Osaka suka nuna cewa TLR9, wani furotin na ƙwayoyin garkuwar jiki, shi ne ke gane wannan jeri.

Ɓangaren fangas ne ya fi ba ni tsoro a kanki. Bangon ƙwayar fangas cike yake da wani nau'in sukari mai suna beta-gulkan, kuma a 2005 masu binciken Japan sun nuna cewa shi kaɗai ya isa ya tayar da amosanin gaɓoɓi a ɓerayen SKG, wani irin ɓerayen gwaji masu saurin kamuwa da wannan ciwo, ta hanyar Dectin-1, furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane beta-gulkan. Saboda haka idan gwiwa ta kumbura bayan allurarki, kada ki yi gaggawar ɗora wa DNA laifi, domin mai yiwuwa ɓurɓushin bangon ne ya biyo shi. Haka gubar LPS, wadda ke jikin bangon wasu bakteriya, take laɓewa a samfurin bakteriya. Ni kaina na taɓa zubar da aikin wata huɗu a wani ɗakin gwaji saboda ruwan da muke narkar da samfur ya gurɓata, kuma har yau ina jin zafin ranar da na ja layi a kan shafukan littafina. Ki narkar da wani kaso na samfurin da DNase, sinadarin da ke ragargaza DNA, ki sake yin allurar. Idan kumburin bai ragu ba, to ba DNA ba ne. Ɗaya gwiwar kuma ki sa mata ruwan gishiri kawai don kwatantawa.

Ki tausaya wa dabbobin, ki tabbata maganin barci ya kama ɓera sosai kafin allura ta taɓa gwiwar da ba ta fi ƙwayar wake ba. Mahaifiyarki ta riga ta fara gaya wa maƙwabta cewa kina haɗa mata maganin ciwon gwiwa, don haka idan kin kira ta, ki bayyana mata a hankali cewa aikin yana kan ɓeraye tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.