Wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa mai fama da kaya biyu

Ɗan'uwana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya jikin uwargida? Allah ya ƙara mata sauƙi, kai kuma ya ba ka ƙarfin jinya. Wasiƙarka ta iso, na kuwa karanta ta a tsanake. Labarin rasa aikinka ya taɓa ni ƙwarai, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ka rufe da ita, cewa duk abin da ya same ka a bana sakayya ce ta laifin da ka aikata shekarun baya. Da yake nisa ya hana mu zama ido da ido, bari in faɗa maka ra'ayina a rubuce.

A ganina kaya biyu ka haɗa ka ɗaure da igiya ɗaya, na zunubi da na wahalar duniya, alhali kuwa Littafi Mai Tsarki bai yi musu magana iri ɗaya ba.

Na farkon ba na raina nauyinsa. Ka ce kakan farka da tsakar dare ka zauna a bakin gado, abin yana dawo maka sabo kamar jiya aka yi shi, kuma ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Almasihu, idan ƙoƙon ya iso gabanka, sai ka sunkuyar da kai ka miƙa wa na kusa da kai. Sarki Dawuda ya san wannan hali, domin a Zabura ta 32 ya ce muddin ya yi shiru bai furta laifinsa ba, jikinsa lalacewa ya yi ta yi, hannun Allah kuma ya yi masa nauyi dare da rana. Sai dai ka lura da inda nauyin ya ƙare. Da ya furta, aka gafarta masa, kuma da albarkar wanda aka yafe wa laifi ya buɗe zaburar. Kai ma ka riga ka furta, ka riga ka je ka nemi gafarar wanda ka cuta, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa. 1 Yahaya 1:9 ta ce idan muka furta zunubanmu, Allah mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana. Yafe maka da ya yi yana cikin adalcinsa, domin an riga an biya a kan gicciye, Allah kuwa ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu. Shi ya sa manzo Bulus, wanda da kansa ya tsananta wa ikilisiya har ya goyi bayan jifan Istifanas, ya iya rubuta a Romawa 8:1 cewa yanzu babu hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu.

Irin wannan damuwa ta taɓa cin Martin Luta, Bajamushen nan da ya jagoranci gyaran ikilisiya. Ya shiga gidan zuhudu a Erfurt ta ƙasar Jamus a shekarar 1505, ya yi ta azumi da horon jiki, yakan daɗe yana furta laifofinsa a gaban shugabansa Staupitz, yana fita kuma sai ya tuna da wani da ya manta. Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya gane abin da Romawa 1:17 take nufi, wato mai adalci ta wurin bangaskiya zai rayu. Ina jin tsoro kada kai ma ka mai da baƙin cikinka wani irin biyan diyya, kana zaton yawan rashin barci zai cika abin da jinin Almasihu bai cika ba. Wannan yana kama da tawali'u, amma idan ka duba da kyau, ƙin karɓar kyauta ne.

Kaya na biyu kuwa ba a yi mana alkawarin za a sauke shi gaba ɗaya a nan duniya ba. Gaskiya ne akwai laifin da ke barin tabo ko bayan gafara, gama annabi Natan ya faɗa wa Dawuda cewa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Amma mece ce alaƙar ciwon matarka da abin da ka yi tun kafin ka san ta? Almajiran Yesu sun yi irin lissafinka sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ɗayansu. Abokan Ayuba ma haka suka dage cewa lalle akwai wani laifi a ɓoye, a ƙarshe kuwa su ne Allah ya tsawata wa. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi. Saboda haka ban yarda da masu wa'azin da suke cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya rasa abin hannu ba. Sun jefa mutane da yawa cikin halin da kake ciki, domin ranar da ciwon ya zo, sai mutum ya ɗauka Allah ne ya juya masa baya.

Ka sāke karanta Matiyu 11:28 zuwa 30. Yesu, wanda ya kira masu wahala da masu fama da kaya ya ce zai hutar da su, shi ne kuma nan take ya ce su ɗauki karkiyarsa. Karkiya dai ta aiki ce, ke nan akwai sauran ja a gabanka: neman wani aikin, jinya, da tambayoyin yara. Hutun da ya yi alkawari na rai ne, wato ka ja kayan kana sane cewa wanda ya ɗora maka karkiyar mai tawali'u ne, ba kuma fushi yake yi da kai ba.

Ina roƙonka abu biyu. Ka je wurin fastonku ko ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya ka gaya masa abin da ka gaya mini, domin an umarce mu a Galatiyawa 6:2 mu ɗauki nauyin juna, ni kuwa daga nesa abin da zan iya kaɗan ne. Sa'an nan idan ranar Jibin Ubangiji ta zagayo, ka karɓi ƙoƙon, gama domin masu zunubi aka zub da jinin.

Ka gai da uwargida da jiki, ka gai da yara. Ka sanar da ni abin da likita ya ce a zuwanku na gaba, muna kuma tunawa da ku cikin addu'a.

Naka cikin Almasihu,
Abokinka