Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Injiniya da Masu Sana'ar Ƙarfe

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya, iyayen gidanmu masu walda da kafintoci, malamanmu, da 'yan'uwa ɗalibai, ga bayanin abin da Allah Ya nufe mu da yi a bana.

A taron bara kun amince mu ware shekarar nan ga darasi guda: yadda ake gano ƙarfin da ke kan kowace gaɓa ta firam ko na'ura yayin da take tsaye cik. Ƙa'idar gajeriya ce. Duk abin da ba ya motsi, ƙarfin da ke tura shi dama ya yi daidai da mai tura shi hagu, na sama ya yi daidai da na ƙasa, mai neman juya shi ta nan kuma ya yi daidai da mai neman juya shi ta can. Lissafi uku ke nan. Wahalar tana wurin aiki da su a kan abin da aka harhaɗa da gaɓoɓi da yawa, domin dole sai an kwance shi a takarda, an zana kowace gaɓa ita kaɗai, an sa mata duk ƙarfin da maƙwabtanta ke yi mata. Inda gaɓa biyu suka haɗu a ƙusa, gwargwadon yadda wannan ta tura waccan, haka waccan ke tura ta, kamar yadda masanin kimiyya Niyuton ya bayyana tun 1687.

Da hunturu muka fara, da kayan da kowa ya saba riƙewa. Baro ne na farko. Buhu biyu na siminti kilo 100 ne, wato niyuton 981 a ma'aunin ƙarfi. Idan tsakiyar kayan na santimita 40 daga gatarin taya, mariƙi kuma na santimita 120, hannun mai turawa na ɗauke da kashi ɗaya cikin uku, niyuton 327, taya ta ɗauki sauran 654. Wani dattijo daga cikin magina ya ce ai tun yana yaro ya san a matsa kaya gaba kusa da taya. Gaskiyarsa, kuma a ranar ɗalibai suka ga cewa lissafin allo bai zo da wani abin da hannu bai sani ba, adadi kawai ya ba shi.

Filaya ce ta fi ba mu aiki, kuma a ganina ita ce darasin da ya fi kowane amfani a shekarar. Matsa mariƙi da niyuton 100 a santimita 12 daga ƙusa, bakin da ke santimita 3 zai ciji waya da niyuton 400. Kowa ya samu wannan. Da aka tambayi abin da ƙusar tsakiya ke ɗauka, sai ɗakin ya rabu. Wasu suka ce 400, wasu 300, wasu ma suka ce babu komai tunda filayar ba ta motsi. Sai da muka zana ɓari ɗaya shi kaɗai aka ga hannu da waya duk gefe guda suke tura shi, ƙusa ce kaɗai ke tare su, don haka 500 ne a kanta. Idan aka kalli filayar a dunƙule, wannan ƙarfin ba ya bayyana ko kaɗan, saboda na ɓari biyun sun soke juna. Ga shi kuma a nan ne filaya ke fara lalacewa.

Kafin azumi mun je fadama mun auna jigo. Wanda muka samu dogon hannunsa mita 3, gajeren mita 1. Guga mai lita 15 na buƙatar curin laka na kusan kilo 45 a baya, in ba a lissafa nauyin sandar ba, gwafar da ke riƙe da ita kuma na ɗauke da kilo 60. Ƙa'idar da masanin Girka Arkimidas ya rubuta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, manomin rani na aiki da ita kullum safiya.

Zaman da ba zan manta ba shi ne wanda ɗaya daga cikin malamanmu ya kawo labarin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka. Ranar 17 ga Yuli 1981 wasu gadojin tafiya biyu da aka rataya a cikin zauren otal ɗin, ɗaya a saman ɗaya, suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka rasu. A zanen farko, sandar ƙarfe ɗaya ce za ta sauko daga rufi ta riƙe gadojin biyu, kowace da notinta. Wajen ƙera kayan sai aka mayar da ita sanda biyu: ta sama ta riƙe gadar sama, ta ƙasa kuma aka rataya ta a jikin gadar saman. Nan take nauyin da ke kan notin sama ya ninka. Malam bai faɗa mana amsar ba, ya ba mu alli ya ce a zana. Cikin mintuna kaɗan wani yaron shagon walda ya gano ta. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Irin wannan canjin, na "a sauƙaƙa aiki", shi muke yi a shagunanmu kusan kullum ba tare da an koma ga takarda ba.

Daga nan aikin tankuna ya samo asali. Gab da faɗuwar damina muka zagaya unguwanni muna duba ƙafafun tankin ruwa a masallatai da makarantun allo, kyauta. Tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne, kowace ƙafa cikin huɗu na ɗauke da kusan niyuton 2,450, in ƙasa ta daidaita. In ba ta daidaita ba, ƙafa biyu ke shan yawancin wahalar, kuma lissafinmu uku ba su isa su raba nauyin ba, abin da ya sa muka ɗage wannan zuwa darasin baɗi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yawan firam ɗin da babu tokara ta gicciye a jikinsu. Murabba'i ba shi da abin da zai hana shi karkacewa sai waldar kusurwa, alhali sanda ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa na mayar da shi alwatika biyu. Inda masu wurin suka yarda, membobinmu sun ƙara tokarar, su suka sayi ƙarfe, mu muka ba da aiki. Allah Ya saka wa iyayen gidanmu da suka rufe shaguna saboda wannan.

Akwai inda muka gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Darasin jak ɗin mota da na ƙugiyar ɗaga inji ba su samu ba, jarrabawa ta ɗauke ɗalibai. Ƙaramin littafin kalmomin fannin da Hausa har yanzu yana hannun kwamiti, an tsaya a kan sunan ƙarfin da ke neman juya abu, ko za a ce "juyi" ko "murɗi". Ina roƙon a yanke yau, domin yaran shago ba su da wani abin karantawa. 'Yan'uwanmu mata ɗalibai kuma sun koka cewa zaman bayan magariba na hana su zuwa. Kwamiti na ba da shawarar a mayar da shi Asabar da hantsi.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi bayan wannan, sannan a jefa ƙuri'a kan sauya lokacin. Zaman farko na sabuwar shekara a kan jak ne, don haka duk mai tsohon jak irin na almakashi a shagonsa ya taimaka ya zo da shi, tare da tef na awo.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya